Jibo Bai Kai Bungudu Ba

"Tukur, dakata da ɗinkin nan ka saurara," in ji Malam Abdulsalami, yana tsaye bakin shagona da takardu a hannu.

Maƙwabcina ne a Damba, tsohon malamin makaranta. Tun da matarsa ta rasu, 'yarsa Sa'adiya kuma aure ya kai ta Kaduna, ba shi da abokin hira sai ni. Littafi yake rubutawa, labarin wani makiyayi mai suna Jibo da ya taso daga Tsafe a ƙasa, yana neman ƙanwarsa da aka ce an gani a Bungudu.

Ya karanta mini shafi biyu, takardar na kusan taɓa hancinsa.

"Ya yi daɗi, Malam."

"Kullum haka kaka cewa." Ya naɗe takardun. "Wanga babi bai yi ba. Ban san mi Jibo zai ce mata ba in sun haɗu."

Ciwon suga ya riga ya ci idonsa. Da damina ta faɗi, layin takarda ma ya daina gani. Muka gwada yana faɗa ina rubutawa, amma hannuna bai da sauri, ga masu ɗinki na ta sallama. Kafin in ɗago, maganar ta tsere masa.

"Bar shi, Tukur. Koma ga aikinka."

Daga nan ya rage fitowa. Ta kan katanga nakan ji shi yana magana da muryar Jibo, yana kuma amsa wa kansa.

Wata Talata da hantsi na kai masa kunu, na tarar da shi kwance kan tabarma, jikinsa zafi rau.

"Jibo ya ƙetare gulbi," ya ce. "Ya hango garin."

"Sai mi ya faru?"

"Bari in ɗan huta."

Kafin in dawo da mai allura, Allah Ya karɓi abinsa.

Sa'adiya ta iso bayan an kai shi makwanci. Ranar da za ta koma, ta fito da takardun cike da kwali.

"Baba Tukur, waɗannan fa?"

"Littafinsa ne."

"Littafi? Bai taɓa gaya mini ba." Ta dubi kwalin. "Ya gama?"

"Saura kaɗan."

Ta zauna a dakalin ƙofar gida, ta zaro shafin farko, leɓɓanta na motsi a hankali. Mai Keke Napep ɗin da ke jiranta ya sauko, ya tsuguna a inuwar dogon yaro.