Kunnuwan Kujerar Baba

Hajiya Hadijatu ba mace ce mai ɗaga murya a kasuwa ba. Shekara goma sha ɗaya tana zuwa Dubai saro mayafai da turare, ko ɗan dako bai taɓa cewa ta daka masa tsawa ba. Amma ranar Talatar nan, da hantsi, a ɗakin ɗaure kaya na kasuwar Murshid Bazaar da ke Dubai, sai da masu naɗe kwalaye suka ajiye salatif suka leƙo su ga wa aka kashe.

Kujera ce ta jawo. Wata bakwai ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da mahaifinta a gidansu na Gwammaja. Ya rayu, alhamdu lillahi, sai dai wuyansa ya daina riƙe kansa. Da an zaunar da shi, kan sai ya sulale ya faɗa kan kafaɗa, a tokare da filo, filon ya zame, a sake tokarewa. Mutumin da ya saba zama a zaure ana kawo masa gaisuwa ya koma kwanciya yana kallon silin, kuma kwanciyar ta fi ciwon cin ransa. Saboda haka a wannan zuwan, kafin ta taɓa mayafi ko ɗaya, Hadijatu ta shiga neman abin da zai zaunar da shi.

Kwana huɗu tana yawo. Kujerun zamani duk jirgi ɗaya ya kwaso su: baya gajere, soso kamar kunu, ka zauna ka nutse sai an kamo hannunka. A rana ta biyar, can ƙuryar shagon wani dattijo Ba'iraniye mai sayar da tsofaffin kayan ɗaki, ta gan ta. Doguwar baya ce da ita har ta wuce kan mutum, ga kunnuwa biyu sun fito ta dama da hagu kamar za su rungumi fuska. Fatarta ruwan ƙasa ce, ta tsattsage a hannuwa, an jera mata ƙananan ƙusoshin tagulla ɗaya bayan ɗaya, ƙafafun gaba a lanƙwashe. Dattijon ya ce wasu Turawan Ingila ne suka bar ta da za su koma gida, kuma ta girmi kakansa. Ya ce a ƙasarsu sun fi shekara ɗari uku suna yin irinta, kunnuwan don su tare iskar sanyi ne idan mutum yana jin ɗumi gaban wuta, cikinta kuwa gashin doki ne, shi ya sa ba ta lotsawa.

Ita ba tarihin Turawa ya kawo ta ba. Zama ta yi, ta saki wuyanta yadda na Baba yake sakuwa, sai kunnen kujerar ya tare kanta cak. Ta daɗe a haka tana share ido da gefen mayafi.

Ta danƙa kujerar a hannun ƙanenta Mu'awiya, wanda ya shekara shida a Dubai yana aiki a ofishin tura kaya, ta ce ya ɗaure ta da kyau ta shiga kwantenar Laraba. Ta tafi hidimar sarinta kwana uku. To, Mu'awiya yaron kirki ne, amma ɗan ƙwalisa ne na ƙin ƙarawa. Ko cokali ya gani ya dusashe sai ya ji kamar an zage shi.

Abin da ta tarar ranar Talata ba ta ma gane shi ba da farko. Wata aba ce ja jawur da karammiski, an shafe ƙafafunta da fenti ruwan zinare, an manna mata wani kambin roba a ka, irin kujerar da ake ɗora amarya a wurin biki. Kunnuwa kuwa babu su, an shafe gefen sumul. Mu'awiya na tsaye kusa da ita cikin farar jallabiya, baki har kunne, yana jiran a sa masa albarka.

"Ina kujerata?" in ji ta.

"Ga ta nan, Yaya. Kin ga yadda ta dawo? Wallahi ko a falon gwamna..."

"Mu'awiya, ina kunnuwanta?"

"Waɗannan fuka-fukan? Khalas, an gama da su, na sa an cire. Suna rufe fuskar mutum, ga cin wuri a kwantena. Haba Yaya, ta yaya za a ce 'ya'yan Baba biyu suna Dubai, a sauke masa kujerar bola a ƙofar gida? Me 'yan unguwa za su ce?"

Nan idonta ya rufe. Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ta ce wa ya aike shi? Ta ce ɗaurewa ta ce ko gyara? Ta ce wannan ai gyaran gangar Auzinawa ne, kuma tun yana yaro haka yake, a ba shi riƙon abu ya mayar da shi nasa. Ta danna hannu a mazaunin, hannun ya nutse har wuyan hannu, ranta ya ƙara ɓaci. Ta ce kwana huɗu ta yi tana gantali a rana har ƙafarta ta kumbura, shi kuma ya rusa a kwana uku don 'yan unguwa su yi tafi.

Sai ta juya kan mutumin da ke raɓe a bakin ƙofa da buhu a hannu, wani dattijo mai furfura da ƙurar katako a gira. Issah ke nan, mutumin zangon Kumasi, shi ne mai gyaran kujerun da ya yi aikin kuma ya kawo ta.

"Kai kuma da girmanka! Ka sa zarto a abin da ya girme ka?"

"Mepaakyew, Hajiya, ki yi haƙuri ki ji," in ji Issah, ya fara roƙon da yaren garinsu. "Sau uku ina roƙon Oga. Na ce masa wannan ba ƙusa aka buga ba, sassaƙa aka yi aka cusa itace cikin itace. Shekara talatin ina aikin nan, irinta biyu na taɓa taɓawa. Na ce gashin dokin nan wankewa ake yi a mayar, zai ƙara wata shekara hamsin. Ya ce yalla, yi maza ka cire, warin tsufa yake yi. Ranar da na yanka, abinci ma ban iya ci ba."

Ya buɗe buhun. Kunnuwan ne a ciki, da guntun fata a jikinsu, bakin yankan fari tas. Ya ce bai iya zubarwa ba. Ta tambaye shi ko za su koma. Ya ce za a iya dasa su da sabon itace, amma aikin sati biyu ne, kuma ba zai yi mata ƙarya ba, ba za su ɗauki nauyi kamar da ba.

Sati biyu. Kwantena gobe za ta rufe, ta gaba sai bayan wata guda, ga tafiyar ruwa, ga Legas, ga hanya. Hadijatu ta lissafa watannin da Baba zai ƙara yana kallon silin.

Shi kuma gogan, da ya ga an tara masa jama'a, sai ya fara hura hanci. "Wai duk wannan a kan kunnen kujera? Baba sanyi yake ji a Kano da za a tare masa iska? In ya zauna a zaure ai so ake a ga fuskarsa!"

"Wane zaure?" ta daka masa. "Wane zaure, Mu'awiya? Mutumin da kansa ba ya tsayuwa! Mutumin da sai an riƙe masa haɓa ake ba shi koko! Kunnen nan da ka yanke shi zai riƙe masa kai!"

Sai da maganar ta fita ta tuna wanda take gaya wa.

Baba ne da kansa ya hana a faɗa wa Mu'awiya ciwon. Ya ce yaron nan in ya ji zai watsar da aiki ya taho, bizarsa ta lalace. Aka bi umarni. In ya kira a ce Baba yana barci, ko ya fita masallaci. Da ya ji muryar Baba ta canja a saƙo, aka ce haƙori aka cire masa. Kullum amsa ɗaya ce, jiki da sauƙi, kuma bakin Hadijatu ya fi na kowa faɗinta. Laifi tudu ne.

"Tun yaushe?" in ji Mu'awiya.

"Wata bakwai."

"Wata bakwai!" Ya buga hannu a kan kambin robar har ya ɓalle. "Ranar Juma'a muka ci abinci tare a unguwar Al Buteen, na tambaye ki jikin Baba, kika ce hawan jini ne ya ɗan taɓa shi, da sauƙi. Kika kalli idona, Yaya! Ni ba ɗansa ba ne? Ni bare ne da za a ba ni ɗaurin kaya a hana ni labari? Da kin ce min kalma ɗaya, ɗaya tak, da na bari an sa mata zarto?"

"Baba ne ya ce..."

"Baba ya ce ki bar ni in yi masa kujerar biki?"

Gaskiyar maganar ta ƙara mata haushi, haushinsa da na kanta da na Baban ma. Ya zaro waya. Ta ce ya bari, ba yanzu ba, a fara shirya tsohon. Ko kallonta bai yi ba. Ya kira ƙanwarsu Aishat da bidiyo, ya ce ta kai wa Baba wayar yanzu-yanzu, in ta ce yana barci Allah ya isa.

Hoton ya yi rawa, ya bi ta tsakar gida, ya shiga ɗaki. Ga Baba an jingina shi da bango, kansa kwance a kafaɗa, tawul a ƙarƙashin haɓarsa. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya gane ko waye. Mu'awiya ya zauna a kan jar kujerar, ta haɗiye shi har gwiwoyinsa suka taso.

Tsohon ya yi ta kokawa da leɓensa, rabi na motsi rabi ya ƙi. Da ƙyar maganar ta fito.

"Mu'awiya... kar ka... taso. Da sauƙi."