Ƙoryar Malam Abdussalam

"Malamai duka ku fita waje," in ji jami'in ilimin da aka turo daga birni. Ina tsaye a gindin darbejiyar makarantar garinmu, na zo ɗaukar jikata Larai, na ga an fito da maƙwabcina Malam Abdussalam daga ajinsa, alli na hannunsa.

Shekarar da fari ya ƙone gero ce. Jami'in ya zo da sabon tsari, wai yara su auna malamansu. Tun da ba su iya rubutu sosai ba, sai ya ajiye ƙorya a kowane aji, ya ba kowane yaro ƙwayar gyaɗa.

"Idan malaminka yana koyarwa da kyau, ka jefa a ciki," in ji shi.

Manyan yara tsoro ya sa suka jefa. Amma Malam Abdussalam 'yan aji ɗaya yake koyarwa. Da aka fito da ƙoryarsa, babu komai a cikinta.

"Ranka ya daɗe, yaran nan ba su karya kumallo ba," in ji Malam Abdussalam a hankali.

"Malam, yaro ba ya ƙarya," in ji jami'in.

Hedimasta Sama'ilu ya kife ƙoryar yana dariya. "Ko ɓera ya shiga nan, da kuka zai fito."

Wata bai ƙare ba aka sallame shi. Samari suka laƙaba masa "Malam Ƙorya". Ya daina zama a majalisa, daga nan ya daina fita masallaci, hawan jini ya kwantar da shi.

Ranar Alhamis matarsa Furera ta aiko na shiga. Ya riƙe hannuna.

"Nababa, Larai a ajina take. Ka tambaye ta?"

"Na tambaye ta. Ta ce cinyewa ta yi."

Sai ya ce, "To, ta ƙoshi?"

"Da ƙwaya ɗaya, Malam?"

Ya juya fuskarsa ga bango. Bayan la'asar Allah ya karɓi ransa.

Ranar sadakar uku Furera ta daka gumba da ɗan geron da dangi suka kawo. Hedimasta bai zo ba. 'Yan aji ɗaya kuwa duka sun zo, har da waɗanda ba su cika zuwa makaranta ba. Babu wanda ya umarce su, suka zauna layi-layi a ƙofar zaure kamar yadda ya koya musu, ƙanana a gaba, kowa ya ɗaga yatsa yana jira a kira sunansa.