Igiyoyin Iya Bok-rye

Ni dai gyara na yi niyya, Allah ne shaidata.

Shekarata goma sha ɗaya a nan ƙasar waje, a ƙauyen Sotgol, ina aiki a rumbun tantance tuffa, kuma duk Lahadi, in dai ba ruwa ake ba, sai na hau dutsen da ke bayan gari. Can sama akwai tsohuwar ganuwa ta duwatsu, rabinta ya zube, allon bakin hanya ya ce tun zamanin tsohuwar daular Silla take. Na san ta kamar tsakar gidanmu na Gusau. Abin da ke ƙona min rai shi ne ƙyallayen da ƙungiyoyin masu hawan dutse ke ɗaurawa a rassa, ja da rawaya, kowa da sunan ƙungiyarsa, sai ka ce shanya. A watan huɗu haushi ya ɗebe ni, na ɗauki almakashi da buhu na hau shara.

A ƙasan wata kusurwar ganuwar, inda ko hanya babu, na ci karo da igiyoyin leda shuɗaye, irin na ɗaure barkono a gona. An ɗaure su tamau a jikin itatuwa har sun nutse cikin ɓawo. Na ce wane mara imani ne ya shaƙe itatuwa haka? Na bi su ina datsewa ina tsaki, sun kai ashirin, har ruwa ya sauko ya koro ni gida. Ranar har hoton buhun na ɗauka don alfahari.

Saura mako biyu bikin Chuseok, lokacin da kowane gida ke hawa dutse ya nome kabarin iyayensa, ina tsakar gidan maƙwabciyata Iya Bok-rye ina taya ta juya barkono a kan tamfol. Shekararta tamanin da huɗu, gwiwoyi sun hana ta hawan dutse shekara shida ke nan, amma bakin nan lafiyarsa ƙalau. Ɗanta Tae-sik, direban tasi a birnin Incheon, ya zo tun da safe ya hau noman kabarin ubansa. Wajen azahar sai ga shi ya dawo, injin yankan ciyawa a goye, riga sharkaf, kuma injin fes, ko ganye ɗaya bai taɓa ba.

"Iya, babu igiyoyin."

"Wane irin babu? Idonka ne dai babu."

"Awa uku ina zagaye a ƙasan ganuwa. Shuɗayen igiyoyin da kika ɗaura, ko ɗaya ban gani ba. Wani ya cire."

Na ci gaba da juya barkono kamar zan shige cikinsa.

Kabarin Tsoho Pyo, mijinta, ba shi da dutsen suna, tudun ƙasa ne kawai irin ɗaruruwan da ke dajin nan. Wanda aka bari shekara uku ba noma, itatuwa suke cinye shi. Iya ta ajiye mahucinta. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi tsorata ni.

"To ni a ina za ku saka ni?" ta ce a hankali. "Na ce masa ya ajiye min wuri a gefensa."

Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na miƙe, na sunkuyar da kai, na faɗi komai, har da almakashin.

"Kai?" Tae-sik ya sauke injin da ƙarfi. "Nazifi, wa ya aike ka? Gwamnati ce ta ɗauke ka sharar daji? Ubana ka share ke nan!"

"Yaya, ka yi haƙuri, na ɗauka..."

"Ka ɗauka! Ka ɗauka ka zuba a buhu!"

Sai ji muka yi tau, Iya ta kwaɗa masa mahuci a ƙauri. "Rufe min baki. Shekara goma sha tara da rasuwar ubanka, har yau ba ka san hanyar gidansa ba sai da igiya kamar akuya? Lungunan Incheon kuwa ka haddace." Ta juyo kaina. "Kai kuma dogon banza, ka iya yankewa, to ka iya nemowa. Ku ɓace min ku biyun."

Muka kama hawan dutsen. Ni na karɓi injin na goya, don dai a rage min zunubi. Har kusurwar ganuwar ba wahala, ko ido rufe zan kai. Daga nan ne daji ya zama iri ɗaya, ciyawar damina ta kai ƙirji, kurangar da ke hawa itatuwa ta lulluɓe komai. Na tsaya ina zufa, ina tuna yadda na sha wahalar cusa bakin almakashi ƙarƙashin igiyar saboda ta nutse. Sai na dafa itacen farko na shafa jikinsa daidai kafaɗata. Babu komai. Na biyu ma haka. A na biyar yatsana ya faɗa cikin wani kwarmi da ya zagaye itacen kamar shatin zobe.

"Yaya, zo ka taɓa nan."

Ya taɓa, ya kalle ni, sai ya shiga shafa itatuwa shi ma. In ka gan mu, manya biyu suna rungumar itatuwa ɗaya bayan ɗaya, ka ce daga asibitin mahaukata muka gudo. Ni kuwa sai godiya nake wa Iya da ta yi ɗaurin nan na rashin imani.

Mun sami goma sha huɗu, sai sawu ya ɓace. Wani ƙaton itace ya faɗi ya ja wasu, aladun daji kuma sun tone wurin kaca-kaca. Muka yi gabas, muka yi yamma, rina ta harbe ni a wuya. Can sai Tae-sik ya hango wani tudu a gangare, ya ruga, ya zagaye shi sau biyu.

"Ina jin wannan ne."

"Kana ji ko ka tabbata?"

Ya zauna daɓas a ƙasa ya share fuska da hula. "Kabari ai duk kabari ne. Mu nome shi, mu ce mata mun samu. Ba hawowa za ta yi ba. Ko so kake baƙin ciki ya kashe ta kafin biki?"

Raina ya ɓaci har na manta ni ne mai laifi. "Haba Yaya! Ran da ta cika fa? Ka kwantar da uwarka gefen mijin wata?"

Ya harare ni kamar zai tashi ya mare ni. Sai ya miƙe, ya ɗan rusuna wa mai tudun, ya ce, "Dattijo, a gafarce mu, mun dame ka." Muka koma wurin itacen da ya faɗi. Na kwanta rubda ciki na leƙa ƙarƙashinsa, ga shatin nan a jikinsa, kuma saiwarsa tana nuna inda yake tsaye a da. Daga nan muka gyara hanya. Itace shida a gaba, Tae-sik ya kurma ihun da ya tayar da tsuntsaye.

Shuɗiyar igiya ce, ta koɗe, tana nan ɗaure abinta inda ruwa ya kore ni. Ta gaba ma tana nan, da ta gabanta.

Ya nome tudun tas, ni ina kwashe ciyawa da manjagara. Ya shimfiɗa 'yar tabarma, ya jera busasshen kifi da tuffa, ya zuba giyar shinkafa a kofi, ya durƙusa sau biyu goshi a ƙasa. Ni na koma gefe na tsaya, yadda suka saba ganina a irin wannan wuri. Sannan ya kira Iya ta waya mai hoto. Ta kanga wayar a fuska har ba ma ganin komai sai goshinta.

"Juya min in gan shi." Ya juya. Sai ta ɗaga murya tana yi wa mijin magana. "Kai tsoho! Kana kwance kana jin yara na yawo a kanka tun safe, ko tari ba za ka yi ba? Halinka dai na nan." Ta ja hanci. "Tae-sik, nuna min gefensa."

Ya nuna mata. Ruwan bana ya zaizaye bakin wurin, filin ya ɗan tsuke.

"Ya ragu," ta ce, muryarta ta canza. "Anya zai ɗauke ni? Ina dogon nan? Nazifi, kwanta in gani."

"Iya!" in ji Tae-sik. "Wace irin magana ce wannan? Mai rai ne fa!"

"Ni ma mai rai ce. Kwanta, ɗan nan."

Na cire hula na miƙe a kan sabuwar ciyawar, kafaɗata kusa da tudun Tsoho Pyo, ina kallon sama ta tsakanin rassa. Tae-sik ya bi ni da wayar daga kai har ƙafa.

"Ya shige duka, Iya. Har da saura taki ɗaya."

Muka ji ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

"To madalla," ta ce. "Ni ko rabinsa ban kai ba. Tashi min daga wurina."