Jajiberin Zuwan Kwamiti

Barci ya sace ni bayan azahar, a gindin bangon da nake shafa wa fenti, buroshi yana hannuna bai ko bushe ba. Ba gajiya ce ta kwantar da ni ba, tunani ne ya yi mini nauyi har kaina ya jingina da bulo.

Sunana Sagiru. Na bar makaranta tun ina ƙaramar sakandare, na yi acaɓa, na yi tallar gwanjo, na bi 'yan siyasa ina yi musu ihu, babu inda na zauna. Wanda ya rage mini a duniya shi ne yayana Hashimu, da hatsarin mota ya ɗora a keken guragu, yana gyaran rediyo. Ambaliyar bara ta tafi da gidanmu, muka koma wani shago da mai shi ya ce mu tashi kafin damina. Gwamnati ta ce ta ware tallafin gidaje ga waɗanda ruwa ya ci gidajensu, da naƙasassu, da matan da mazansu suka rasu. Majalisar dokoki ta amince, aka ba da kwangila a Tudun Marke, kuma gobe ne kwamitin majalisa zai zo gani da ido ko abin da aka ware ya zama gidaje.

Ni na san abin da ya zama. Gidajen layin gaba suna da ƙofa da taga. In ka zaga baya babu rufi, babu daɓe, sai tafasa da ƙadangaru. Lawwali, wakilin ɗan kwangila, ya ɗauke mu mu gyara musu fuska, ya kuma shirya iyalai da za su zo da safe su shanya kaya, su hura murhu, su ɗaure akuya. Yaya Hashimu aka zaɓa ya zauna a ƙofar gida na farko da mukulli a hannu, ya ce wa kwamiti gidansa ne. Lawwali ya rantse cewa in baƙi sun tafi, gidan da aka fara gamawa nasa ne. Ban yarda da Lawwali ba, ban yarda da kwamitin ba, amma ni zan tura keken.

Ina rufe ido sai na ga mutum tsaye a kaina, dogo, da farar riga har ƙasa. Abin da na fara dubawa aljihunsa ne, don a sanina duk wanda ya zo maka ba ka kira shi ba, akwai abin da ya ɓoye a can. Rigar ba ta da aljihu. Ya kira sunana ya ce in bi shi. Na tambaye shi wace jam'iyya ce ta aiko shi, ko kuwa Lawwali ne ya turo shi ya gwada bakina.

"Wanda ya aiko ni ba ya tsayawa zaɓe," in ji shi. "Taso."

Muka bi wata hanya da ban sani ba har muka iso wani birni mai baƙar ganuwa, samansa ja kamar ƙarfe a maƙera. A bakin ƙofa na tsaya ina waige-waige, ina neman wanda ake gani kafin a shiga. Jagoran ya ce a nan ba a ganin kowa, kowa aikinsa ne yake shigo da shi. Na ce, Baba, ko Lahira ce? Ya ce ba ita ba ce, inuwarta ce, an rage ta daidai abin da idona zai iya ɗauka. Wasu da zan gani sun riga sun iso, wasu kuma wurinsu ake gyarawa.

Unguwar farko layin gidaje ne masu sheƙi. Muka zaga baya, sai na ga bango ɗaya ne kawai a tsaye, a bayan kowane bango kuma akwai mutum a tsugune, ruwa mai zafi kamar narkakkiyar kwalta yana zuba masa daga sama. In ya ruga gaba ya buɗe ƙofa don ya fake, sai ya faɗo inda ya baro. Na tambayi ko su wane ne.

"Waɗanda aka ba amanar rufa wa mutane kai ne, suka gina abin da mota za ta hango daga titi. An ba kowa gidan da ya gina."

Gaba kaɗan na ga manyan mutane, rigunansu sun sha aiki, suna jan gwiwa a kan matakala. Duk wadda suka hau sai wata ta tsiro a sama, ƙofar da suke nufa tana ƙara nisa. Jagoran ya ce su ne suka sa hannu a kan zanen gidajen guragu da matakala mai tsawo da ƙofa matsattsa, suka ce an shigo da kowa. Kusa da su akwai wasu ƙattai lafiyayyu, sandunan guragu sun manne a hamatarsu sun zama nama, wasu kuma baƙin tabarau ya haɗe da fatarsu suna laluben bango. Waɗannan surukai ne da 'yan uwan manya, da suka ari naƙasa ta yini guda don a ɗauke su hoto a ba su gida. Sun ara ba su mayar ba, in ji shi, sai aka bar musu.

Daga nan na ji jiniya. Ayarin motoci masu baƙin gilas ya wuce mu, ya zaga, ya sake wucewa, ba ya tsayawa. Na leƙa na ga mutanen ciki suna dukan gilas, gumi na zuba, ƙofofin ba su da hannun buɗewa. A cikin kowane gilas an zana hoton gida mai kyau da furanni, shi kaɗai suke gani. Na ce lalle waɗannan na san su. Ya ce 'yan kwamiti ne da aka aika su taka ƙasa su duba, suka duba daga kujerar mota, suka ci abinci a gidan wanda suka je bincika, suka koma suka ce sun gamsu.

Ya kai ni wani babban zaure mai kujeru a zagaye, irin na majalisa. A sama wani dattijo yana zaune da guduma a hannu, leɓɓansa sun tsage don ƙishirwa. Ana kawo masa ruwa mai sanyi, yana kai baki, sai hannunsa ya buga gudumar da kansa, wata murya ta ce an ɗage, a janye kofin. Shi ne shugaban kwamitin da ya yi ta ɗage zaman sauraron bahasi har damina ta zo ta wuce. Akwai wani a tsaye yana zabga ihu, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke, amma ba sauti. Wannan, in ji jagoran, yakan tashi gaban kyamara ya yi wa kwamishina kaca-kaca, ba don a gyara ba, sai don a neme shi a bayan fage. Da an neme shi sai muryarsa ta ɗauke. Wasu suna yawo da kujeru a kansu, an hana su sauke su, don an zaɓe su su zauna a kai ba su zo ba. Wasu kuma barci yake fizga, duk wanda aka taɓa sai ya zabura ya ce na amince, nan take a ɗora masa jakar siminti a wuya, ya sake gyangyaɗi.

A nan ne na ji wani daɗi ya taso mini. Na ce wa jagoran ai da ma na faɗa, duk bakinsu ɗaya, mai bincike da wanda ake bincika a kwano ɗaya suke ci, babu na kirki a cikinsu. Na ce in ya gama nuna mini, ya mayar da ni in ƙarasa fentina.

Ya juyo ya dube ni.

"Zarginka ya fi na kowa kaifi, Sagiru, amma ban ga abin da ka taɓa yanka da shi ba. Ka mai da shi matashi kana kwana a kai. Tun da kowa ɓarawo ne, ba abin da ya wajaba a kanka. Zo ka ga wata."

Ya fitar da ni bayan zauren. Wata mata mai matsakaicin shekaru tana zaune a kan dutse, takalminta duk taɓo. Ba a azabtar da ita, ba a kuma sallame ta ba. Na raɗa masa cewa wataƙila rabonta ne bai kai ba, shi ya sa ta ware. Ya ce 'yar majalisa ce daga wani wuri, ita kaɗai ta sauko daga mota ranar ziyara. Ta je wurin wata tsohuwa da aka zaunar a ƙofar gida, ta durƙusa ta tambaye ta inda take kwana, da inda take kewayawa, ta ce a buɗe mata ta shiga. Tsohuwar ta ce jikokinta na barci a ciki, ta ce sun gode wa gwamnati. Maƙwabta suka taya ta godiya. Da matar ta koma majalisa ta ce ba ta gamsu ba, sai aka kunna mata muryar tsohuwar, zaure ya kwashe da dariya, aka rufe maganar.

Na ce to me take jira a nan? Ya ce shaida take jira. Tambayarta ta fita daga bakinta, ba wanda ya karɓa.

Sai ya juya ni, na ga wani layi da ban lura da shi ba. Talakawa ne irina, kowa a ƙofar bangonsa. Wata tana fifita murhu da ba tukunya, hayaƙin yana cin idonta. Wani yana shanya riga ɗaya, ya kwashe, ya sake shanyawa. Kowa da mukulli a hannu, kuma bakin kowa a washe, murmushin ya ƙi sauka ko da hawaye na bin kumatunsu. Na ce, Baba, waɗannan ai su aka cuta, ba su ci komai ba. Ya ce gaskiya ne, shi ya sa nasu ya fi sauƙi, kuma Mai hukunci ya san yunwar kowa da tsoronsa. Amma ɗan kwangila bulo kawai yake da shi. Ba zai iya ƙera hayaƙin murhu ba, ba zai iya ƙera godiyar gurgu ba. Su suka kawo masa. A bayan kowane ɗayansu kuma akwai wasu iyalai da suka kwana a ruwa saboda an ce an gama.

A ƙarshen layin akwai bango sabo, fentinsa bai bushe ba, launin da nake shafawa. A gabansa keken guragu ne babu kowa a kai. Na matsa, na ga shatin yatsu a kan hannayen da ake tura keken da su. Ban so in gwada ba, amma hannuna ya tafi da kansa, ya zauna a kan shatin daidai. Na ja, ya ƙi fita. Kumatuna suka fara buɗewa ba da sona ba. Na ce wa jagoran ban yi komai ba tukuna, gobe ne.

"Shi ya sa aka kawo ka yau," in ji shi.

Na tambaye shi ko a cikin masu zuwa gobe akwai irin matar nan, ko kuwa duk 'yan mota ne. Ya ce ba a ba shi izinin faɗa mini ba, kuma ba wannan za a tambaye ni ba. Na ce in muka yi magana aka hana yayana gidan fa? Ya juya ya fara tafiya. Na ƙwala masa kira, jiniyar ta taso ta rufe muryata.

Na farka jikina sharkaf da gumi, buroshin ya manne a tafina. Lawwali ne a kaina yana danna hon na babur, yana cewa ko an biya ni ne in yi barci. Na dubi fuskarsa, na dubi bangon, na ajiye buroshin a kan bokiti, na ce cikina ke ciwo. Ya bi ni da kallo har na sha kwana.

Na tarar da Yaya Hashimu a ƙofar shago yana goge farar kaftaninsa da dutsen guga na gawayi. Na zauna a ƙasa na ba shi labarin duka. Ya saurara bai ɗago ba. Da na gama ya ce ni mafarki na gani, shi kuma hadari yake gani yana haɗuwa a gabas, kuma ba ni ne zan ja jiki a cikin taɓo ba in an kore mu. Na ce gaskiyarsa. Na ce ba zan sa shi ya faɗi komai ba, amma ni ba zan ajiye shi a ƙofar nan in koma gefe ina tafi ba. In kwamiti ya tsaya, zan tura shi ta gefen gidan zuwa baya, a gaban 'yan jarida, wanda zai biyo mu ya biyo.

"In babu wanda ya biyo mu fa?"

"To mun nuna, Yaya."

"Gidan kuma?"

"Wane gida?"

Ya juya kaftanin, ya goge hannu ɗaya, ya goge ɗayan, ya ninke ya ɗora a cinya. Can ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo ɗan galan ɗin baƙin mai ya turo mini da ƙarfi.

"Bayan gidajen nan yashi ne," in ji shi. "Sa wa tayoyin mai, ka ƙara musu iska. Ba na son ka kafe da ni a rabin hanya."