Ranar da Aka Yi wa Adelheid Fito

Rigar sarauniyar wasan har yanzu tana warin laka. Adelheid ce ta tsamo ta daga rafi ranar da keken dokinsu ya kife a hanyar Bendigo, ita ta wanke, ita ta rage mata faɗi, yau kuma ita za ta sa.

Su ashirin da uku suka baro Hamburg, suka ƙetaro teku da opera, wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa. Yanzu saura tara. Mai busa ƙaho ya sayi shebur ya shige ramin zinariya, zazzaɓi ya ɗauke biyu, saura suka zube a hanya ɗaya bayan ɗaya. Babbar mawaƙiyarsu kuwa, mai sa rigar, ta auri wani mai tumaki a Geelong, ko sallama babu. Shekara shida Adelheid tana ɗinki a bayan labule, tana bin kowace waƙa ƙasa-ƙasa, ba wanda ya taɓa tambayar ta ko ta iya.

Kawunta Gotthold, shugaban ƙungiyar, ya leƙa tantin wasan da la'asar ɗin nan ta Asabar, ya ga mahaƙan zinariya sun cika benci maƙil, gumi da hayaƙin taba sun haɗe. Ya dawo fuska a murtuke. Ya ce in wasan yau ya lalace kowa ya kama gabansa, ita kuma akwai otal da ke neman mai wanke-wanke.

"Kina jin fito, 'yar nan, ko ɗaya ne, ki sauko da mutuncinki."

"Uwata ta sauko, Kawu. Me mutuncin ya tsinana mata?"

A can ƙasarsu, fito kora ne. A Breslau aka yi wa mahaifiyarta, sau ɗaya tak, a tsakiyar waƙa. Ta ajiye furen hannunta ta fita, ba ta ƙara rera ko waƙar reno ba har ta mutu.

Masu goge biyu suka soma, kiɗan tsohon fiyano ya bi su yana ɗingishi. Muryar Adelheid ta fito, ta zauna daram. Tana kaiwa inda waƙar ke hawa sama, wani mai jan gemu a sahun gaba ya cusa yatsu biyu a baki. Fiton ya tsaga tantin. Wani ya karɓa, sai duk wurin ya ɗauka, ana dukan ƙasa da takalma. Ƙananan abubuwa suka fara zubowa kan katakon dandamali. Ɗaya ya same ta a saman gira, jini ya gangaro.

Ta gefen ido ta ga Kawu yana yafuto ta. Ta taka gaba har bakin katako, ta kafe mai jan gemun da ido, ta watsa masa waƙar kamar zagi. Masu goge sun riga sun tsaya. Da suka ga ba ta da niyyar yin shiru, suka biyo ta a guje. Ba ta yar da ko gaɓa ɗaya ba.

Da ta dire, ta sunkuya ta ɗauki abin da ya fasa mata gira don ta rama. Sai ta ji nauyinsa ya fi girmansa.

Matar da ke da tantin, Frau Stolle, wadda ta daɗe a ƙasar tana sayar wa mahaƙa giya da tsiran alade, ta riƙe mata hannu ta ja ta bayan labule.

"Jefa mana, in kin ƙoshi. Zinariya ce, baƙauya. Nan in sun yi fito, so suke. In ba sa so, kwalba za ki gani."

Kawu ya fito daga bayan akwatuna yana cewa shi dama ya san haka al'adarsu take. Frau Stolle ta tambaye shi, to jakar tafiyar da ke hannunsa fa? Ya yi kamar bai ji ba.

Adelheid ta zauna kan akwatin kaya, matar tana danna mata tsumma a gira, tana gaya mata ran Litinin sai an ƙaro benci. Ta daɗe tana juya ɗan ƙarfen a tafinta. Har yanzu ana fito a waje.

"Inna, don na tsane su na rera haka. Ran Litinin da wane fushin zan rera?"

Frau Stolle ta nuna da haɓa, ta ce ga abin fushi can. Can bakin labule Kawu ya tare mahaƙa uku, yana dukan ƙirji, yana ba su labarin yadda ya koya mata waƙa tun tana goye.