Kwamitin Wuƙar Baba

Wuƙar aljihun Baba ta karye ne wata Talata da hantsi, yana cikin sassaƙa ɗan katakon da zai toshe ƙafar kujerar maƙwabciyarmu. Shekara talatin da wani abu tana aljihunsa, wasawa ta cinye ta har ta kusa zama tsinke. Ya tsince gutsuren biyu ya ɗora a kan taga, ya koma bencinsa ya zauna.

Baba kafinta ne, ko in ce kafinta ne a da. Tun da ciwon gaɓɓai ya kama masa yatsu ya ajiye zarto da guduma, abin da ya rage masa sai 'yar wuƙar nan mai ninkewa. Da ita yake gyara wa mutanen layinmu ƙananan abubuwa: marfin tukunyar da hannunsa ya cire, sakatar taga, fensirin masu zuwa makaranta. Likita kuwa ya faɗa mana ƙarara, a gabana, cewa yatsun nan muddin suna aiki kullum za su jima suna yi masa biyayya. In aka bar su suka zauna za su sandare, kuma in sun sandare shi ke nan.

Ni ce autarsa, ni ke zaune da shi, ɗinki nake yi. Shagon kayan gini yana kan hanyata ta zuwa sayen zare, don haka na ce gobe zan shigo masa da wata. Kuskurena ɗaya, na faɗi haka a gaban Yaya.

"A'a, Auta," in ji Yaya, yana ɗaga min hannu kamar mai tsai da mota. "Ba za ki je ki kwaso wa Baba tarkace ba. Wannan aikina ne. Baba, ka bar min, ni zan kawo maka wuƙar da ta dace da kai."

Fuskar Baba ta washe. Babban ɗansa bai taɓa tambayarsa ko sunan ƙusa ba, yau ga shi zai saya masa kayan aiki. Ya ce, "To, Allah ya yi albarka. Ina jira."

Sai kun san Yaya kafin ku gane abin da ya same mu. Shi ne sakataren kwamitin saye-saye a ma'aikatarsu, inda ko tsintsiya ba ta shiga sai ta bi ta fayil uku. Yana alfahari da cewa shekara sha tara bai taɓa sayen abin da aka dawo aka tuhume shi a kai ba. Gaskiya ne, domin kafin ya gama bincike yawanci mai bukatar abin ya haƙura ko an yi masa canjin wurin aiki.

A makon farko ya zagaya shaguna shida, ya dawo da labari mai daɗi: ya tace wuƙaƙe goma sha huɗu sun koma biyu, kuma dukansu suna shagon nan na kan hanyata. Ɗaya baƙa ce, ƙotar ƙarfe, tana da 'yar sakata da ke riƙe ruwanta in an buɗe don kada ta rufe a kan yatsa. Ɗayar ƙotar katako gare ta, ba sakata, da farce ake jawo ta. Na ce to madalla, ɗauko ɗaya. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya ce a yi gini ba harsashi.

"Yanzu aka fara aikin," ya ce.

Ya sayi sabon littafi mai layi-layi. Ya ja jadawali da rula: nauyi, tsawo, kaifi, tsatsa, zama a aljihu, haɗari. Kowane gida da makinsa. Kullum in ya tashi daga ofis sai ya biya shagon, ya sa a fito masa da su biyun. Ya yanka takarda, ya yanka igiya, ya yanka kwali. Ya kai su wurin mai sayar da zinare aka ɗora a sikeli. Har wando uku ya je da su a jaka don ya ga yadda kowacce ke kwanciya a aljihu. Mai shagon, wani bawan Allah mai haƙuri, ya kai in ya hango shi sai ya ajiye masa kujera da kwalin gwaji, ya ci gaba da cinikinsa.

Mako na uku na ce masa, "Yaya, ka ɗauki Baba ka kai shi ya riƙe su mana. Hannunsa ne zai yi aikin."

Ya yi murmushin nan nasa na manyan ma'aikata. "Auta, ke ɗinki kika sani. A ƙa'ida, wanda ya nemi kaya ba ya shiga zaman tantancewa. Son zuciya yake kawowa. Yana ganin mai katakon nan zai ce ita, don kawai shi kafinta ne."

"To in ya ce ita, laifi ne?"

"Ba a sayayya da sha'awa. Da hujja ake yi."

Na cika na yi fam, amma dariya ta fi ƙarfina. Na riƙa ba masu kawo min ɗinki labari, muna sheƙewa. Na sa masa suna Kwamiti, sunan ya bi layi har matarsa ta ɗauka. In ya shigo gaishe da Baba sai in ce, "Ranka ya daɗe, an zauna kuwa? Me aka zartar?" Shi kuma ya buɗe littafi ya karanto mana cewa baƙar tana gaba da maki biyu a kan tsatsa, amma mai katakon ta kamo ta a kan nauyi.

Baba yana saurare yana gyaɗa kai, da gaske yake jin daɗin abin. Na miƙa masa wuƙar kicin ya ƙi, ya ce shi ba albasa zai yanka ba, kuma ba ta shiga aljihu. Na ba shi reza, ta suɓuce ta yanke shi, na karɓe. Na ce bari in sayo masa ko wace iri ya riƙa lallaɓawa kafin kwamiti ya tashi. Nan ya ɗaure fuska.

"Yayanki ya ce zai kawo. In ya zo ya tarar da wata a hannuna, me na gaya masa ke nan?"

Sai na bar maganar. Masu kawo gyara suka yi ta zuwa ana ce musu sai wani mako, har suka daina. Baba yana zaune a benci daga safe zuwa yamma, hannuwa a kan gwiwa. Wata rana na ga yana fama da maɓallin rigarsa, ya juya min baya don kada in gani. Na kira Yaya a waya na ce ya yi wa girman Allah ya gama.

"Saura ƙiris," ya ce. "Maki sun zo kunnen doki, hamsin da huɗu da hamsin da huɗu. Na ƙara gida biyu a jadawalin."

Haka muka ci wata uku cif. Ranar wata Asabar da la'asar sai ga shi da matarsa, ya sha kwalliya, wuƙar tana cikin ɗan akwati an naɗe da takarda mai ƙyalli. Baƙar ce ta yi nasara, da maki ɗaya da rabi, saboda sakatarta. Ya tsaya a tsakar gida ya yi mana jawabin da ya kai minti goma, ya ce lafiyar yatsun Baba ita ya sa a gaba. Sannan ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.

Baba ya karɓa yana murmushi. Ya juya ta, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya ce, "Ƙarfen kirki ne." Ya sa babban yatsa zai ture ruwan. Bai motsa ba. Ya sake gwadawa, yatsan ya zame. Ya dafe ta a cinya ya haɗa da hannu na biyu, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Yaya ya karɓa ya buɗe masa cikin ƙiftawar ido, yana cewa ai sabuwa ce, za ta saki. Baba ya nemi danna sakatar ya rufe ta, nan ma abin ya gagara.

"Da ka kai shi ya taɓa," na ce. "Sau nawa na gaya maka?"

Yaya ya miƙe zumbur. Ya bar littafinsa a ƙasa ya fita da sauri, ko takalminsa bai saka daidai ba. Tunda nake ban taɓa ganin ya yanke shawara a tsaye ba sai ranar. Kafin matarsa ta gama ba ni haƙuri ya dawo yana haki, da mai ƙotar katakon a hannu, ba akwati ba takarda.

Wannan kam da Baba ya sa farce sai ta buɗe salin-alin. Ya shafa ƙotar, ya kai hanci ya shinshina katakon. Na ruga na ɗauko masa guntun katakon kujerar maƙwabciya, wanda ke nan ajiye tun ranar. Ya riƙe shi da hagu, ya ɗora bakin wuƙar, ya tura. Yatsunsa uku suka ƙi lanƙwasa su kama ƙotar. Wuƙar ta karkace ta faɗo a kan siminti. Ya ce in miƙo masa. Na miƙa, ya sake, ta sake faɗuwa. A karo na uku bai ce a ɗauko ba.

Yaya ya durƙusa a gabansa, bakinsa yana motsi, kalmomin ofis duk sun gudu sun bar shi. Da ƙyar ya ce, "Baba, wacce ce... da wacce ya kamata in kawo?"

Baba ya dubi baƙar a kan benci, ya dubi mai katakon a ƙasa. Babu fushi a muryarsa, abin da ya fi ci min rai ke nan.

"Dukansu masu kyau ne, ka iya zaɓe," ya ce. "A watan farko, ko wacce ka kawo da ta yi."

Wata uku ina tara maganganun da zan yaɓa wa Yaya a irin wannan rana, na jera su tsaf a raina. Na buɗe baki, sai na tuna sau nawa na wuce ƙofar shagon nan da ledar zare a hannu, ina leƙawa ko zan hango Kwamiti a kan kujerarsa in samu na ba da labari. Kunya ta rufe ni, na ji na tsani dariyata.

Baba ya miƙo min hannuwansa ya ce iska ta fara sanyi, in ɓalla masa maɓallin wuya. Na matsa zan yi, Yaya ya riga ni.