Damon Gonar Wake

Kwana uku da yaye Rukaiya, sai ga kakanta Malam Wada ya shigo da damo a kafaɗa, har ya yanka. A gidansu na Korgom haka aka gada: yaron da aka cire daga nono, da romon damo ake ƙarfafa shi. Tun hantsi tsohon ke yi wa damon nan kwanto.

"Ina matar tawa? Fito ki ga abin da miji na ƙwarai ke kawowa, ba irin ubanki ba!"

Zara'u, uwar yarinyar, ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Ina aka same shi?"

"Gindin gonar wakena ya yi rami. Ji nauyi!"

Zara'u ta sake duban damon. Sau uku aka yi wa gonar nan feshin maganin ƙwari bana. Ranar awon yara, madam mai awo a asibiti ta gaya musu cewa wani dafin, in ƙwaro ya sha, mai cin ƙwaron ke gadonsa. Yana taruwa kaɗan-kaɗan a hanta da kitse, dabbar kuwa tana yawonta garau. To amma matar ɗa ba ta mayar wa uban miji da kyautarsa.

Ba ta shiga madafa ba. Ta jawo tasa ta zauna fiɗa a tsakar gida, daidai inda idonsa ke kaiwa. Ta tsaga tumbin. Fara ce cunkus da tsutsar wake, wasu ko narkewa ba su yi ba.

"Baba, ni ban san kan gona ba. Wagga fara, halan ita ce ta zube bayan feshi?"

Malam Wada ya matso, ya tona da tsinke. Shi da bakinsa ya hana mutane tsintar farar nan, ya ɗaure awakinsa sati biyu.

"Na tsare akuya, na mance damo ba ya jin gargaɗi," ya ce, ya yi dariya har da tari. "Wata nawa yana kiwo can! Miƙo shi in binne da zurfi, kar kare ya tone. Ke kuma ɗora ruwa. Zabuwar nan mai ɗingishi ta ishe ni da kuka."

La'asar ta tarar da Rukaiya bisa cinyarsa tana tsotsar ƙashin zabuwar, maiƙo har kunne. Zara'u na tankaɗe a gefe, tana jin tsohon na roƙon yarinyar ta sam masa ko fiffike, ita kuwa ta damƙe ta ƙi.